Boman Irani: Jarumin Da Addininsu Ke Neman Ƙarewa

Duk mai kallon finafinan Indiya, daga Jega har Aliero da Maiyama, ya san Boman Irani, shugaban makarantar nan mai taurin kai a 3 Idiots na 2009. Da yawa sun ɗauka Hindu ne. To mai karatu, ba haka ba ne. Addininsu shi ne wanda Larabawa ke kira na Majusu.

Asalinsa tsohuwar Farisa, wato Iran. Aƙidarsu ita ce duniya fagen daga ce tsakanin Ahura Mazda mai haske da gaskiya, da Ahriman mai duhu da ƙarya, kuma kowa sai ya zaɓi ɓangare. Wutar ɗakin bautarsu ba a bari ta mutu. Bayan Musulunci ya shiga Farisa wasunsu suka ƙaura Gujarat.

Kar a raina su fa! Ardeshir Irani da ya shirya Alam Ara a 1931, fim mai magana na farko a Indiya, nasu ne. Amma ƙidayar 2011 ta nuna su 57,264 suka rage a ƙasar, don haihuwarsu ta ja baya, kuma ba sa karɓar sabon shiga.

Wasu masana ma sun ce daga “Majusu” aka samo kalmar Maguzawa.