Tutiya A Jikin Kare: Ƙarancinta Ciwo, Yawanta Ajali

A shekarar 1982 gwamnatin Amurka ta sauya ƙarfen da take buga kwabonta da shi, saboda tsadar da jan ƙarfe ya yi. Tsohon kwabon kashi 95 cikin 100 jan ƙarfe ne, amma sabon kashi 97.5 tutiya ce, wadda ’yan boko ke kira zinki, sai ɗan jan ƙarfe da aka lulluɓe ta da shi. Ba a daɗe ba likitocin dabbobi na ƙasar suka fara ganin karnuka jininsu ya ƙare, in an ɗauki hoton cikinsu sai a tarar da kwabo kwance a tumbi.

Abin da ke faruwa shi ne, ruwan tsamin da ke cikin tumbi yakan narkar da tutiyar sannu a hankali, ta shiga jini, ta farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Da fari kare zai yi ta amai da zawo, ya ƙi abinci. Bayan ’yan kwanaki sai dasashinsa ya yi fari ko ya yi rawaya irin ta mai shawara, fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa. In aka yi sakaci, ƙoda da hanta su ma sukan taɓu. Kwabo guda tak yana iya halaka ƙaramin kare.

To, kada mai kare a ƙasar Hausa ya ce ai wannan matsalar Amurkawa ce. Tutiya tana nan a gidajenmu: da ita ake shafe kwanon rufi, da bokiti, da noti, da ƙusa, da wayar keji, don kada su yi tsatsa. Akwai ta a ɓawon batirin rediyo da na tocila, da kuma farin man nan da ake shafa wa jarirai saboda ƙuraje. Kwikwiyo kuwa, kamar yaro mai rarrafe, duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Sai dai abin mamaki, wannan tutiya da ke kisa, jikin kare ba ya rayuwa sai da ita ’yar kaɗan. Ita ke taimakon fata da gashi, da warkewar rauni, da ƙarfin jiki wajen yaƙar cuta. Karen da ya rasa ta, gashinsa yakan zube, ɓawo ya taru a gefen idanu da baki da kunnuwa, tafin ƙafarsa ya yi kauri ya tsattsage. Da yawa sukan ɗauka ƙazuwa ce, su yi ta magani a banza.

Likitoci sun kasa wannan ƙaranci gida biyu. Na farko na gado ne, an fi ganinsa ga karnukan ƙasashen ƙanƙara, wato Haski na Saberiya da Malamut na Alaska, waɗanda hanjinsu ba ya tsotsar tutiya yadda ya kamata, galibi kuma sai an yi ta ba su ita har iyakar ransu. Na biyu daga abinci yake, shi ne kuma ya fi shafar mu. Hatsi da dusa suna ɗauke da wani sinadari mai suna fitet, wanda yake ƙulle tutiya a hanji ya hana jiki amfana da ita. Haka ma yawan kalsiyam yake yi. Saboda haka kwikwiyon da yake girma a kan ragowar tuwo da dusa kurum, ba nama ba kifi, yana cikin haɗari.

Maganin guba shi ne a hanzarta kai kare asibitin dabbobi a fitar da ƙarfen, in ta kama a ƙara masa jini, domin da zarar an cire shi tutiyar da ke jini takan fara raguwa. Maganin ƙaranci kuwa shi ne a gyara abinci da nama, hanta ko kifi. Ƙwayar tutiya sai da awon likita, kada garin neman gira a rasa ido.

Karen da ke kwana yana gadin gida, ko yake bin maharbi daji, ko yake tsare garke, amana ce a hannun mai shi. A share tsakar gida daga tarkacen ƙarfe, a kuma duba abin da ake zuba masa a kasko. Rigakafi dai ya fi magani.