Wa Zai Busa Ƙaho? Kwangilar Rediyon Neman Agaji Da Dokar Da Ke Kanta

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da dabarar da Nehemiya ya yi sa'ad da ake sake gina garun Urushalima. A sura ta 4 an nuna mana cewa aikin yana da faɗi, magina sun warwatsu a kan garu, kowa nesa da ɗan'uwansa, ga kuma su Sanballat suna ƙulla yadda za su kawo hari. Sai Nehemiya ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, ya kuma sanar da jama'a cewa duk inda suka ji ƙaho, can za su ruga su taru. Bai bar maganar kiran agaji sai ranar da abokan gaba suka iso ba.

Ƙahon zamaninmu shi ne rediyon oba-oba da ake gani a hannun 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da direbobin motocin ɗaukar marasa lafiya. Wani zai ce, ai kowa yana da wayar salula yanzu, mene ne amfanin oba-oba? Bambancin yana da yawa. Da oba-oba, mutum ɗaya zai danna ya yi magana, dukan abokan aikinsa su ji a lokaci guda. Layinsa ba ya cushewa sa'ad da gari ya ruɗe kowa yana kiran danginsa. Idan ma turken sadarwa ya lalace, rediyo biyu da ke kusa da juna suna iya magana kai tsaye. 'Yan'uwanmu na Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan salula saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ni kaina akwai ƙauyen da nake zuwa koyar da masu shirin baftisma, inda sai mutum ya hau tudu kafin wayarsa ta kama. Idan wuta ta tashi a can da tsakar dare, ko mace ta shiga naƙuda mai wuya, ta wace hanya labari zai kai ga masu agaji?

To, irin wannan rediyo ba a kasuwa ake zuwa a ɗauko shi ba. Sai an kafa turaka, an gina ɗakunan karɓar kira, an horar da ma'aikata. Kuma yana tsufa, dole wata rana a sake shi. A nan ne maganar kwangila take shigowa.

A watan Yuni na 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan Dokar Ba Da Kwangilolin Gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Tushen dokar shi ne gasa a fili. Ma'aikatar da ke son aiki za ta yi cigiya a jaridun ƙasa aƙalla guda 2, kamfanoni su kawo takardun tanda a rufe, a buɗe su a gaban kowa, sa'an nan a ba wanda ya cika dukan sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. A lura da kyau, ba mai arha kawai ba, sai wanda ya cika sharuɗɗa. Idan kuɗin ya wuce wani mataki, sai BPP ta ba da takardar shaidar cewa ba ta ga aibu ba. Dokar ta ce a gayyaci 'yan sa ido guda 2, ɗaya daga ƙungiyar masana aikin, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin yaƙi da almundahana. Jami'in da aka kama da karya ta, ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ne, babu zaɓin tara. Kafin alƙalami da ake ba ɗan kwangila da farko bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, amma gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin majami'a ya san hikimar wannan. Ko kwanon rufi za mu saya da baikon jama'a, dattawa sukan ce a tambayo farashi wuri uku, a kuma karanta rahoto a gaban ikilisiya.

Amma dokar tana da ƙofofin baya, kuma rediyon agaji yana iya bi ta kowace. Akwai sashen da ya yarda a ba kamfani ɗaya aiki kai tsaye idan shi kaɗai ke da kayan, akwai kuma na halin gaggawa. Mafi girma, dokar 2007 ta keɓe kayan tsaron ƙasa, ba ta hau kansu sai da amincewar shugaban ƙasa. Sai a gyaran 2020 ne aka ambaci hukumomin tsaro cikin waɗanda dokar ta shafa.

A cikin wancan yanayi ne, a 2010, Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin kafa hanyar sadarwar tsaro ta ƙasa. Jama'a sun fi saninta da kwangilar kyamarori, saboda kyamarori wajen 2,000 da aka shirya kafawa a Abuja da Legas, amma ƙashin bayan aikin shi ne hanyar sadarwa ta musamman domin 'yan sanda a jihohi 36 da Abuja. An ciwo bashin dala miliyan 399.5 daga bankin Exim na Sin, da ruwa kashi 2.5 cikin 100, wanda ba za a gama biya ba sai 2030. Ba a daɗe ba mutanen Abuja suka ga turakun kyamarori a tsaye babu aiki, an kwashe batura da faifan hasken rana. A binciken Majalisar Wakilai na 2016, kamfanin ya ce shi ya gama aikinsa ya miƙa, rashin kuɗin gudanarwa daga gwamnati ne ya durƙusar da shi. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta umarci gwamnati ta yi wa 'yan ƙasa bayanin yadda aka kashe bashin. Ba ni ne zan ce ga mai laifi ba. Amma Ubangijinmu Yesu, a Luka sura 14, ya yi misali da mai son gina hasumiya wanda bai zauna ya ƙididdige kuɗin gamawa ba. Mai kafa turken rediyo bai tanadi kuɗin man janareta da albashin mai gadi na shekara goma ba, ai shi ke nan.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Birtaniya, inda ake bin ƙa'idar tanda sosai, ta yi tuntuɓe a kan wannan dutse. Tun 2000 aka ba da kwangilar rediyon Airwave, wanda 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da motocin asibiti na Ingila, Sikotilan da Wales suke amfani da shi. A watan Disamba na 2015 gwamnati ta ba kamfanonin EE da Motorola kwangilar sabon tsari da zai hau kan layin salula, da niyyar kashe Airwave a ƙarshen 2019. A watan Fabrairu na 2016 Motorola ya kammala sayen Airwave ɗin kansa a kan sama da fam miliyan 800. Watau mai gina sabon gida shi ne kuma mai karɓar hayar tsohon. Sabon tsarin ya yi ta jinkiri, har ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce a 2019 kuɗin ya kai fam biliyan 9.3, ƙarin biliyan 3.1 a kan lissafin farko. Tun da ba za a bar 'yan sanda babu rediyo ko na dare ɗaya ba, kuma babu wani mai irin wannan hanya, dole gwamnati ta ci gaba da biyan Airwave. A 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ce ana biyan kusan fam miliyan 200 a shekara fiye da kima, ta kuma ƙayyade farashin. Motorola bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara, bai yi nasara ba. Ya riga ya fita daga sabon aikin a ƙarshen 2022, an ba IBM wurinsa, kuma ba a sa ran kashe Airwave kafin 2029.

Abin da na gani a labaran nan biyu shi ne, ranar buɗe tanda ba ita ce ƙarshen magana ba. Abin da aka rubuta cikin takardar kwangilar ya fi nauyi. Shin rediyon da za a sayo zai yi magana da na wani kamfani, ko kuwa mun zama bayin mai sayarwa ɗaya har abada? Idan wa'adi ya cika, turakun na wane ne? Ɗan sanda zai iya kiran ɗan kwana-kwana kai tsaye? Sa'an nan gwaji: ba a gaban gidan gwamnati za a gwada ba, a kai shi kwari da bayan duwatsu, da damina, kafin a biya cikon kuɗi ko a kashe tsohon.

Dokar 2007 ta Tarayya ce, ta kuma shafi ayyukan da Tarayya ta ba da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsu. Galibin jihohi suna da tasu dokar, kuma ya kamata 'yan'uwanmu lauyoyi, injiniyoyi da akantoci da ke cikin ikilisiyoyi su nemo ta jiharsu su karanta wa dattawa. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar Tarayya ya nemi takardu, a kuma ba shi amsa cikin kwana 7. Sakataren majalisar ikilisiya yana iya rubuta irin wannan wasiƙa, kuma zai fi kyau a sa hannu tare da mai unguwa da limamin masallacin maƙwabta, gama gobara ba ta tambayar addinin mai gida.

Akwai kuma lambar 112, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta keɓe domin kiran agaji kyauta, da cibiyoyin karɓar kira a jihohi da dama. Ba kiran wasa nake cewa a yi ba. Shugabannin matasa da na zumuntar mata su je ofishin 'yan sanda na yankinsu su tambaya ko lambar tana aiki a nan, idan kuma kira ya shiga, da me ake isar da shi ga motar sintiri mafi kusa. Amsar da suka samu su kawo ta taron majalisar ikilisiya na wata mai zuwa.