Taswirar da ke nuna inda teku zai kai

Daga 1901 zuwa 2018, ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20 a duniya. Faɗa wa masunci wannan adadi ba ya girgiza shi. Abin da yake son sani shi ne ko ruwan zai shiga ɗakinsa. Shi ya sa masana suka koma ƙera taswirorin intanet da mutum zai taɓa da yatsa.

Hukumar NOAA ta Amurka tana da irin wannan taswira: ka nemo unguwarku, ka ja ma'aunin ruwa sama har ƙafa 10, sai shuɗi ya riƙa mamaye tituna a idonka. Ƙungiyar Climate Central kuwa tata ta haɗa da Legas.

Wahalar aikin tana wajen auna tudun ƙasa. Tsohon awon da NASA ta yi daga sararin samaniya a 2000 yakan ɗauki saman bishiyoyi da rufin gidaje a matsayin ƙasa, sai wuri ya zama kamar tudu alhali kwari ne. Da Climate Central ta gyara lissafin a 2019, sai ta gano mutum miliyan 300 ne ke zaune inda ambaliyar teku za ta iya kaiwa duk shekara nan da 2050.

Abin da ke damuna shi ne harshe da tsadar data. Mazaunin Ayetoro a jihar Ondo, inda teku ya riga ya cinye gidaje, yana buƙatar taswirar da ƙaramar waya za ta buɗe, mai magana da harshensa, wadda za ta nuna masa hanyar fita zuwa tudu.