MASARA BA TA DA LAIFI, A DUBA INJIN NIƘA

Daga Kuseri har Garwa, da wuya a sami gidan da ba a tuƙa tuwon masara, ko na dawa, ko na masakwa. Amma burodi da fanke da taliya su ma sun zauna daram a cimarmu, kuma duk da fulawar alkama ake yin su. To akwai mutanen da jikinsu bai jituwa da alkama ko kaɗan, su ne masu ciwon da likitoci ke kira siliyak.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, wanda shi ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa jawuwa. Idan mai siliyak ya ci shi, sai garkuwar jikinsa ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsirai da ke tsotse amfanin abinci. Yaro zai ci ya ƙoshi, amma sai zawo da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini, har ya tsumbure. A nan wajenmu an fi ɗora irin wannan a kan haƙori ko tsutsar ciki.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama. A yunwar 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, yaran da ke fama da ciwon sun sami sauƙi, da ya dawo kuma ciwo ya dawo. An daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce, sai ga shi binciken da aka buga a 1999 ya same ta a jikin fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda fulawa ta zama babban abinci. A duniya kuwa ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100.

Maganinta guda ne, barin alkama har ƙarshen rayuwa. A nan mun yi sa'a, domin masara da gero da dawa da rogo da wake da shinkafar Yagwa duk ba su da wannan sinadari. Sai dai hatsi kan fito gona da tsabtarsa, ya gurɓace a hanya. Injin da ya niƙa alkamar alkaki da hantsi, shi zai niƙa masarar tuwo da azahar, kuma ragowar garin farko na maƙale a cikinsa. A kasuwa, kwano guda ke awon fulawa da garin masara. A gida ma rariya guda ce, muciya guda. Man da aka soya fanke a ciki shi ake jefa ƙosai, kuma mai ɗanwake kan ƙara fulawa don ya yi santsi. Ko a Meziko, inda ake gasa faifan masara mai suna tortiya kullum, da wannan ake fama idan an yi aikinta wuri guda da ta alkama.

Kada mu raina ɗan ragowar nan. Ƙa'idar da hukumar Codex ta duniya ta tsayar a 2008 ita ce, abincin da za a ce ba shi da gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. Tun da kusan kashi 10 cikin 100 na fulawa gulutin ne, giram ɗaya tak na fulawa cikin kilo 5 na garin masara ya isa ya kai wannan iyaka.

Saboda haka gidan da ke da mai wannan ciwo, a sayi hatsi tsabarsa, a tsince, a wanke, a shanya. A nemi injin da ba ya karɓar alkama, a tambayi mai injin ba tare da jin nauyi ba. In bai samu ba, turmi da taɓarya na nan. A ware masa rariya da tukunya da man suya, a kuma karanta abin da aka rubuta jikin dunƙulen miya, domin wasu na ɗauke da fulawa.

Sa'an nan iyaye su lura, ba kowane zawo ne siliyak ba. A kai yaro asibiti a nemi gwajin jini, kuma kada a janye masa burodi kafin gwajin, don yin haka kan ɓoye cutar. Masu injin niƙa kuwa muna roƙonsu, wanda ke da inji biyu ya ware guda ga masara da gero da dawa kaɗai, ya kuma sanar da mutanen unguwa.