LABARIN ƘASAR SUKUR DA TARIHIN YAWAN MUTANENTA

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibi dalilin da ya sa wasu al'ummu suke zaune a bisa duwatsu, amsar da ya saba bayarwa ita ce gudun yaƙi da harin bayi ne suka kai su can. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a ɗauki ƙasa guda ɗaya, watau Sukur, a nuna cewa tsaro shi kaɗai ba ya riƙe jama'a a kan dutse. Abubuwa uku ne suka haɗu suka riƙe mutanen Sukur: tsaro, da dabarar noma, da sana'ar ƙarfe. Da biyu daga cikinsu suka kau, sai jama'a suka soma gangarowa.

2.0 Shimfiɗar Ƙasa

Sukur tana cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru. Tana bisa wani tudu mai tsawon mita dubu da 'yan kai daga bakin teku, a cikin jerin duwatsun Mandara. Shi wannan jeri ya miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar ƙasashen biyu, daga wajen kogin Binuwai a kudu zuwa yankin Gwoza da Mora a arewa. Maƙwabtan Sukur sun haɗa da Margi, da Higi waɗanda suke kiran kansu Kamwe, da Kapsiki, da Wula. Mutanen kuwa da harshensu ana ce musu Sakun, kuma harshen yana cikin dangin harsunan Cadi, watau dangi ɗaya da Hausa, ko da yake reshensu daban.

Damina takan fara wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba. Ruwan ba ya kasawa ƙwarai, matsalar ita ce ba ya tsayawa. Ƙasar gangare ba ta da kauri, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwashe ta zuwa kwari. Maganin da mutanen Sukur suka yi wa wannan shi ne jera duwatsu a gindin kowane yanki na gona, suka mai da gangaren hawa-hawa kamar matakala. Kowane hawa yana tare ƙasa, yana kuma ba ruwa damar nutsewa. A kansu ake noma dawa da gero da wake da gyaɗa. Har ila yau sukan tsare sa a wani ɗaki mai zurfi cikin gida, a yi ta ba shi harawa, a riƙa kai takinsa gona. Sun kuma daɓe hanyoyin hawa dutsen da faffaɗan duwatsu, musamman waɗanda suka nufi gidan sarkinsu, wanda ake kira Hidi.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan gona hannu take ci. Kowace shekara kafin shuka sai an gyara jeren da ruwa ya rusa. Saboda haka yawan jama'a da lafiyar ƙasa a ɗaure suke da juna: gonakin su ne suke ciyad da mutane, mutanen kuma su ne suke riƙe da gonakin.

3.0 Zamanin Ƙarfe

Al'ummar Sukur ba daga kaka ɗaya ta fito ba. Zuriyoyi ne da dama, kowace da labarin inda ta taso. Zuriyar da take riƙe da sarauta, watau Dur, tana danganta asalinta da Gudur, wadda take cikin Kamaru a yau. Wannan ya nuna cewa tudun ya daɗe yana karɓar baƙi, kuma lalle akwai abin da yake jawo su.

Babban abin shi ne tama. Bayan an yi ruwa, mata sukan tsince baƙin yashin tama a cikin rafuka su wanke shi, maza kuma su narka shi da gawayi da zuga-zugi a lokacin rani. A wurin yawancin maƙwabtansu, zuriyar maƙera ce take da hannu a harkar ƙarfe, amma a Sukur manoma ma suna narka tama, sai ƙira ce kawai aka bar wa maƙera. Da haka ƙasar ta riƙa fitad da ƙarfe mai yawa, fatake suna zuwa kasuwarta suna saye, suna kai shi har Barno. A maimakonsa sai hatsi da dabbobi da gishiri su hau dutsen. Ma'anar wannan ga mai nazarin yawan jama'a a fili take: ƙarfe ya ba Sukur ikon ɗaukar mutane fiye da yadda gonakinta kaɗai za su iya ciyarwa. Sunanta ya yi nisa, har Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya ji labarin ƙarfin sarkinta a 1851, sa'ad da yake kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola.

4.0 Zamanin Hari

Shekarun da suka fi cin mutanen Sukur su ne na farkon ƙarni na 20. A 1902 Jamusawa suka naɗa Hamman Yaji sarautar Madagali. Ya mallaki bindigogi, ya yi ta kai hari a kan mazauna duwatsu, har da Sukur, yana kama bayi. Ba ji-ta-ji-ta ba ne, domin shi da kansa ya sa an rubuta masa littafin abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma an buga fassararsa da Turanci a 1995. Ingilishi, waɗanda suka karɓi yankin a farkon shekarun 1920, sun tuɓe shi a 1927. Ba a gama farfaɗowa ba sai fari suka afka wa duwatsun Mandara a farkon shekarun 1930, aka yi yunwa.

A nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Dutsen da ya tsare mutane daga mahaya dawaki masu mashi bai tsare su daga bindiga ba. Duk da haka ba su watse ba, waɗanda suka gudu ma da yawansu sun komo. Ashe ke nan ba tsoro kaɗai ya zaunad da su ba.

5.0 Gangarowa

Da hare-hare suka ƙare, filin da yake gindin dutse ya zama wurin da za a iya nomawa ba fargaba. Sa'an nan sai ƙarfen Turawa, musamman tarkacen motoci, ya cika kasuwanni da araha, har narkar da tama ta mutu wajen shekarun 1960. A daidai wannan lokaci mulki ya yi ta sakewa. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta Fabrairu 1961, yankin ya shiga Nijeriya a cikin Lardin Sardauna, ya koma Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da Gongola a 1976, da Adamawa a 1991. Makaranta da asibiti da kasuwa da hanyar mota galibi a ƙasa aka kafa su. Sai magidanta suka yi ta sauka zuwa wurare irin su Mildo da Rugudum, samari kuma suka nufi birane cin rani.

Wannan sake-saken iyaka yana da illa ga bincike. Ƙidayar 1963 da ta 1991 da ta 2006 ba a kan yanki iri ɗaya aka yi su ba, ta 1973 kuwa soke ta aka yi. Wanda ya jera alƙalumansu ya ce ya ga ƙaruwa ko raguwa, ba tare da ya raba na bisa dutse da na ƙasa ba, zai yi kuskure.

A 1999 Hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Nijeriya. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka kama Madagali, a watan Disamba suka hau Sukur suka ƙone gidaje, har da na Hidi, jama'a da yawa suka yi hijira.

6.0 Kammalawa

Abu biyu nake roƙon mahalarta wannan taro su duba. Na farko, mu da muke koyad da malaman gobe mu daina koya musu cewa mazauna duwatsu 'yan gudun hijira ne kawai, alhali wasunsu su ne suka wadata manoman fili da fartanya. Na biyu, kiyaye Sukur ba zai yiwu da gyaran gidan Hidi kaɗai ba. Gona mai hawa-hawa in ta rasa mai gyara ta, damina kaɗan sun isa su rushe aikin kakanni. Saboda haka ya kamata sassan labarin ƙasa na kwalejojinmu su tura ɗalibai su ƙirga gidajen da ake zaune cikinsu, da kangaye, da gonakin da aka bari, unguwa-unguwa, a kuma maimaita bayan kowace shekara biyar.