Wuƙa da Wuta a Dajin Finland

A arewacin ƙasar Finland akwai bukkokin katako cikin daji da ake bari a buɗe domin matafiya su kwana kyauta. Wanda ya sayi sabuwar wuƙa irin wadda mutanen ƙasar ke kira puukko yana iya kwana a can shi kaɗai don ya gwada ta. Gwajin kuwa ba na wasa ba ne, domin da hunturu sanyi yakan kai awo 30 ƙasa da sifili.

Zafin jikin ɗan Adam yana wajen awo 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, makyarkyata takan kama mutum, yatsu su sandare, tunani ya rikice. Saboda haka aikin farko na wuƙa shi ne samar da wuta. Da ita ake fere itace siri-siri, a kankaro ɓawon bishiyar birch. Wannan ɓawo yana ɗauke da sinadarin betulin mai hana ruwa ratsa shi, shi ya sa yakan kama wuta ko da ya jiƙe.

Ƙarfe mai sinadarin kabon yana riƙe kaifi, amma danshi yakan sa shi tsatsa. A shekarar 1913 Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila ya haɗa ƙarfe da kromiyam, ya samu wanda ba ya saurin tsatsa. Kromiyam ɗin, idan ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wani siririn rufi mai kāre ƙarfen.

Da gari ya waye matafiyi yakan duba bakin wuƙar ko ya dakushe, sannan ya fere wasu itatuwa ya bar wa mai zuwa bayansa, kamar yadda al'adar wurin ta tanada.