Idan ƙwaƙwalen mota suka daina jin juna

A garejojin Apo da ke Abuja, da zarar mota ta ƙi tashi, fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, hukuncin da mai ita ya fi ji shi ne ƙwaƙwalwa ta ƙone. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, kuma sabuwar da za a sayo da tsada ita ma shiru za ta yi.

Motar zamani tana da ƙwaƙwale da dama, na inji, giya da birki, waɗanda ke magana ta wayoyi biyu murɗaɗɗu, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fitar a 1986. Lambar U0100 a na'urar bincike tana nufin an daina jin ƙwaƙwalwar inji ne kawai.

Ƙwararren mai wayarin yakan cire batir, ya auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari. Lafiyayyen layi om 60 yake bayarwa. In 120 ya gani, galibi layi ya tsinke; in kusa da sifili ne, wayoyin sun haɗe. Daga nan sai bin sawu: fis, cizon ɓera, ko tsatsa, musamman a motocin da ambaliya ta shanye a Amurka kafin a shigo da su.